Yadda Ake Gano Tsofaffin Zaɓuɓɓukan update-rc.d a Kunshin Debian Kafin Kunshin Ya Isa Hannun Jama'a

Duk wanda ya gaji kula da wani tsohon kunshin manhaja a Debian, ko a tsarin da aka gina a kansa kamar Ubuntu, da wuya ya daɗe bai ci karo da layi irin wannan ba a cikin fayil ɗin postinst, wato rubutun da ke gudana bayan an sauke kunshin a na'ura:

update-rc.d misali start 20 2 3 4 5 . stop 80 0 1 6 .

Shi update-rc.d umarni ne da ke tsara lokacin da hidima, wato manhajar da ke aiki a bayan fage, za ta tashi ko ta tsaya. A zamanin da aka rubuta shi, layin yana da cikakkiyar ma'ana. Yana cewa a tayar da hidimar mai suna misali a matakan aiki na 2 zuwa 5 bisa lambar jeri 20, a kuma tsayar da ita a matakai na 0 da 1 da 6 bisa lamba 80. Mataki na 0 shi ne na kashe na'ura, na 1 na mai amfani guda ne don gyara, na 6 na sake kunnawa ne, sannan akwai S na farkon tashin na'ura. Kowane mataki yana da tasa folda, daga /etc/rc0.d zuwa /etc/rc6.d da kuma /etc/rcS.d, kuma a cikinsu ake ajiye mahaɗai masu suna irin S20misali da K80misali (S na tayarwa, K na tsayarwa), waɗanda ke nuni ga rubutun asali a /etc/init.d. Lambar ce ke tsara wanda zai riga wani tashi.

Wannan tsari ya sauya tun fitowar Debian 6.0 a shekarar 2011, lokacin da aka mayar da jerin tashin hidimomi ya dogara ga abin da kowace hidima ta bayyana cewa tana buƙata, manhajar insserv kuma ita ke lissafa lambobin da kanta. Daga baya, a 2015, Debian 8 ta zo da systemd a matsayin tsarin tashi na asali. A yau idan update-rc.d ya ga layin can na sama, abin da yake yi shi ne ya buga gargaɗi guda, "start and stop actions are no longer supported; falling back to defaults", ma'ana ba a karɓar start da stop kuma, an koma ga defaults, sannan ya watsar da duk lambobin ya karanta abin da ke kanun rubutun, wato bayanin da ke saman rubutun hidimar a /etc/init.d. Saukewar ba ta tsayawa, babu kuskuren da ake dawowa da shi, kuma gargaɗin yakan ɓace cikin ɗaruruwan layukan da apt, manhajar sauke kunshi, ke zubowa. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a zauna a kansa ke nan: niyyar wanda ya rubuta lambobin tana iya salwanta ba tare da kowa ya lura ba, kuma wurin da ya dace a kama ta shi ne lokacin duba ingancin kunshi, kafin a fitar da shi.

Mataki na farko: buɗe kunshin da aka riga aka gina

Mutane da yawa sukan fara bincike daga foldar debian ta tushen manhajar, amma ni na fi son a fara daga fayil ɗin .deb da aka gama ginawa, domin shi ne ainihin abin da zai gudana a na'urar mutane. Dalili kuwa shi ne, wani ɓangare na postinst ba hannu ke rubuta shi ba. Kayan aikin debhelper ne ke cusa shi a gurbin alamar #DEBHELPER# lokacin gini, saboda haka postinst na cikin tushe yana iya zama tsaf alhali wanda ya fito a ƙarshe yana ɗauke da tsohon layin. A fitar da rubutun kula da kunshin haka:

dpkg-deb -e misali_1.0-2_amd64.deb ciki

Wannan zai zuba postinst da prerm da postrm da preinst, duk waɗanda ke akwai, a cikin foldar ciki. A fitar da sauran fayilolin kuma da dpkg-deb -x zuwa wata folda, domin za a buƙaci rubutun da ke etc/init.d nan gaba. Idan kuma abin da ake son dubawa na'ura ce da ke aiki, dukkan waɗannan rubutun suna ajiye a /var/lib/dpkg/info, kowanne da sunan kunshinsa a gaba.

Mataki na biyu: neman layin da kansa

Siffofi biyu ake nema. Ta farko ita ce start ko stop da lamba ke biye da su, ta biyu kuma ita ce defaults da lamba ɗaya ko biyu a bayanta, kamar defaults 80 20. Ta biyun ta fi ɓoyuwa, domin ita ko gargaɗin ma ba a buga mata, ana dai zubar da lambobin a yi shiru. Umarni guda yana kama duka biyun:

grep -nE 'update-rc\.d.*[[:space:]](start|stop|defaults)[[:space:]]+[0-9]+' ciki/*

Sharaɗin cewa lallai lamba ta biyo baya yana da amfani ƙwarai. In ba don shi ba, layin da ya haɗa update-rc.d misali defaults da invoke-rc.d misali start zai faɗo cikin sakamako, alhali ba shi da laifin komai, tunda start ɗin invoke-rc.d umarni ne na tayar da hidima nan take kuma yana nan da ransa.

Sai dai wannan binciken yana da ramuka guda uku da ya kamata a toshe. Na farko, tsofaffin rubutu sukan karya dogon layi da alamar karkatacciyar sanda (\) a ƙarshe, sai update-rc.d ya kasance a layi ɗaya, start da lambobinsa a layi na gaba, grep kuwa layi-layi yake karatu. Maganinsa shi ne a haɗe layukan kafin a bincika:

sed -e :a -e '/\\$/N; s/\\\n//; ta' ciki/postinst

sannan a tura abin da ya fito zuwa grep ɗin da ya gabata. Na biyu, wani lokaci ana ajiye zaɓuɓɓukan a cikin wani suna a saman rubutun, a kira update-rc.d da sunan kawai. Babu wata dabarar bincike mai sauƙi da za ta bi wannan sawu, don haka a jera duk layukan da ke ambaton update-rc.d a karanta su da ido, tunda a kunshi ɗaya da wuya su wuce huɗu ko biyar. Na uku shi ne layin da aka kashe da alamar # a gabansa. Shi ba ya gudana, kuma bai kamata ya sa bincike ya faɗi ba, amma kada a yi saurin share shi, domin sau da yawa shi ne kaɗai shaidar abin da mai kula na baya ya nufa.

Mataki na uku: gano inda layin ya samo asali

Idan layin da aka kama yana tsakanin tsokacin da ke farawa da "Automatically added by dh_installinit" da wanda ke cewa "End automatically added section", to gyara postinst ba zai yi amfani ba, domin gini na gaba zai dawo da shi. Tushensa yana cikin debian/rules. A can ana iya miƙa zaɓuɓɓuka ga dh_installinit, ɗaya daga cikin kayan aikin debhelper, ta hanyoyi uku: da -u, ko da --update-rcd-params, ko a bayan layuka biyu gajeru (--) da ke tsaye su kaɗai. A kunshin da aka gina da CDBS, wani tsarin gina kunshi, kuwa, sunan da ake nema shi ne DEB_UPDATE_RCD_PARAMS.

grep -rnE 'dh_installinit|update-rcd-params|UPDATE_RCD_PARAMS' debian/

Tunda an riga an buɗe fayil ɗin, yana da kyau a duba sauran tsofaffin zaɓuɓɓukan dh_installinit da ke kusa. An maye gurbin --init-script da --name, an kuma sauya sunan --no-restart-on-upgrade zuwa --no-stop-on-upgrade, wanda ya fi bayyana abin da yake yi. Waɗannan ba su kai batunmu haɗari ba, sauya suna ne kawai, kuma minti biyu sun isa.

Idan kuwa layin yana waje da sashen da aka cusa, to rubutun hannu ne a debian/postinst ko debian/misali.postinst. A nan sai a lura ko dh_installinit ma yana cusa nasa kiran, domin in haka ne, ana kiran update-rc.d sau biyu, kuma mafi alheri shi ne a cire na hannun gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: kwatanta lambobin da kanun rubutun

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne na ga an fi yin gaggawa. Mutum zai ga gargaɗi, ya goge lambobi, ya rubuta defaults, gargaɗi ya ɓace, ya ɗauka an gama. Amma kalmar defaults a yau ba ta nufin matakai na 2 zuwa 5 da lamba 20 kamar da. Tana nufin duk abin da kanun LSB (Linux Standard Base) na rubutun ya faɗa, wato sashen da ke tsakanin BEGIN INIT INFO da END INIT INFO a saman fayil ɗin da ke /etc/init.d. Don haka tambayar da za a yi ita ce ko kanun yana faɗin abin da lambobin suke faɗa.

A ɗora tsohon layin kusa da kanun a kwatanta su. Matakan da ke bayan start su yi daidai da Default-Start, waɗanda ke bayan stop su yi daidai da Default-Stop. Mu ɗauki wannan misali:

update-rc.d misali start 37 S . stop 63 0 6 .

alhali kanun yana cewa Default-Start: 2 3 4 5, Default-Stop: 0 1 6. Wanda ya rubuta layin yana son hidimar ta tashi tun a mataki na S, kafin sauran hidimomi, wataƙila don tana shirya wata na'ura ko tana loda ƙa'idojin tsaron hanyar sadarwa. Kanun kuwa an kwafo shi ne daga samfuri ba a taɓa shi ba. Sakamakon shi ne hidimar tana tashi a makare, tare da waɗanda ya kamata ta riga. Gyaran da ya dace shi ne a mayar da Default-Start zuwa S, Default-Stop zuwa 0 6, bayan an tabbatar cewa buƙatar tana nan har yanzu. Shi kansa update-rc.d yana taimakawa a nan, domin idan matakan da aka ba shi suka saɓa wa kanun, yakan ƙara gargaɗi na biyu da ke nuna saɓanin.

Akwai wata siffa da ta fi wannan muni, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin bai kamata a ɗauki wannan dubawa a matsayin share-share kawai ba. Wasu masu kula da kunshi sun kasance suna rubuta stop kaɗai a kan dukkan matakai, babu start ko ɗaya, da nufin a saka hidimar amma a bar ta a kashe har sai mai na'ura ya kunna ta da kansa. Idan irin wannan layi ya koma defaults, kanun kuma yana da Default-Start: 2 3 4 5, hidimar da aka so ta zauna a kashe za ta riƙa tashi duk lokacin da aka kunna na'ura, kuma idan mai sauraron hanyar sadarwa ce, ƙofa ta buɗe ba da sanin kowa ba. Hanyar da ake bi a yau ita ce update-rc.d misali defaults-disabled, ko kuma a ba dh_installinit zaɓin --no-enable, wanda ke haifar da wannan kiran.

Lambobin jeri su ne suka fi wuyar fassarawa, domin ba su da gurbi na kai tsaye a kanun. Lamba 20 ita ce ta al'ada, ba ta ɗauke da wani saƙo. Duk wata lamba daban kuwa tana nuna cewa wani ya zauna ya yi tunani, kuma aikin mai gyara shi ne ya gano hidimar da ake son a biyo baya ko a riga. A duba debian/changelog, a nemi inda aka ambaci lambar, a kuma yi amfani da git log -S a kan lambar idan akwai tarihin tushe. Da zarar an gano, sai a rubuta shi da suna. Abin da hidimar ba za ta iya tashi ba sai da shi yana shiga Required-Start, abin da ake so ya riga ta idan yana nan yana shiga Should-Start, abin da ita ake so ta riga kuma yana shiga X-Start-Before. Akwai sunaye na gama-gari da aka tanada, irin su $local_fs da $remote_fs da $network da $syslog da $named da $time. Lamba 99 takan sa mutum ya miƙa hannu ga $all, wato a tashi bayan kowa, amma shawarata ita ce a guje masa sai in babu makawa, domin kusan kullum akwai takamaiman abu ɗaya ko biyu da ake jira, kuma ambaton su ya fi tsabta.

Wannan kanun yana da tasiri har a na'urar da ke amfani da systemd, matuƙar kunshin bai zo da nasa fayil na .service ba, domin systemd-sysv-generator kanun yake karantawa ya ƙirƙiri hidimar daga gare shi. Masu kula da systemd sun riga sun bayyana cewa za su janye tallafin waɗannan rubutun, don haka kunshin da ba shi da fayil na .service yana buƙatar a rubuta masa, kuma dogaron da aka gano a wannan mataki shi ne za a zuba a layukan After da Before da Wants na wannan fayil.

Mataki na biyar: a bar Lintian ya duba kanun

Lintian, manhajar da Debian ke amfani da ita wajen duba kunshi tun 1998, tana da tarin gwaje-gwaje a kan rubutun init.d, kuma tunda nauyin duka ya koma kan kanun, su ne za su tabbatar da cewa gyaran ya zauna. A gudanar da ita a kan fayil ɗin .changes domin ta duba tushe da kunshin da aka gina a tare:

lintian -i -I --pedantic --show-overrides misali_1.0-3_amd64.changes

Alamomin da suka shafe mu sun haɗa da init.d-script-missing-lsb-section idan babu kanun sam, da init.d-script-missing-lsb-keyword idan wani layi ya ɓace, da init.d-script-missing-dependency-on-remote_fs idan rubutun yana kiran abin da ke ƙarƙashin /usr bai bayyana dogaro ba, da init.d-script-possible-missing-stop idan an ambaci wasu daga cikin 0 da 1 da 6 an bar wasu, da duplicate-updaterc.d-calls-in-postinst ga kira biyun da muka ambata, da kuma postrm-does-not-call-updaterc.d-for-init.d-script idan ba a share mahaɗai lokacin cire kunshin. Umarnin lintian-explain-tags yana bayyana kowace alama dalla-dalla. Na sa --show-overrides da gangan, domin tsohon kunshi yakan zo da fayil na lintian-overrides da ke rufe bakin wasu alamomi bisa dalilin da ya daɗe da gushewa. Abin da Lintian ba za ta iya yi ba shi ne sanin niyyar mai lamba 37, don haka shirunta ba ya maye gurbin mataki na huɗu.

Mataki na shida: gwaji a na'ura mai tsabta da kuma a kan tsohuwar siga

A sauke sabon kunshin a keɓantaccen muhalli da ba a taɓa saka shi ba, a adana duk abin da aka buga, a nemi kalmomin "no longer supported" a ciki. Manhajar piuparts tana yin wannan aiki na sakawa da sabuntawa da cirewa, tana kuma barin cikakken rahoto da za a iya bincika. Sannan a duba mahaɗan da aka ƙirƙira:

ls /etc/rc?.d/*misali

Abin dubawa shi ne harafin S ko K da kuma foldar da yake ciki. Kada lambar ta dame ka, domin a na'urar da ba ta da insserv za ka ga S01 da K01 kusan a ko'ina, kuma daidai ne.

Gwajin sabuntawa ya fi muhimmanci, saboda wata ɗabi'a ta update-rc.d da aka gina da gangan: idan mahaɗai suna nan, defaults ba ya sauya matakansu, domin a mutunta abin da mai na'ura ya tsara. Ma'anarsa ita ce, idan ka sauya Default-Start daga 2 3 4 5 zuwa S, sababbin na'urori ne kaɗai za su amfana, tsofaffi kuwa za su ci gaba da tsohon tsari, insserv kuma zai riƙa gargaɗin cewa matakan da ke na'urar sun rinjayi na kanun. Idan sauyin wajibi ne, ana sa sharaɗi a postinst, kafin alamar #DEBHELPER#, a yi amfani da dpkg --compare-versions a gano cewa ana sabuntawa ne daga sigar da ta gabaci gyaran, sannan a kira update-rc.d -f misali remove sau ɗaya, kiran defaults da ke biye ya sake gina mahaɗan. A yi wannan da hattara sosai, domin share mahaɗan yana share shaidar cewa mai na'ura ya kashe hidimar da hannunsa. Kafin sharewa a duba ko akwai mahaɗi mai farawa da S a wani mataki, idan babu, a sake ginawa da defaults-disabled, a kuma rubuta bayanin sauyin a debian/NEWS domin masu kula da na'urori su gani lokacin sabuntawa.

Mataki na bakwai: mayar da binciken na dindindin

Wanda ke kula da kunshi da yawa ba zai riƙa yin wannan da hannu kowane lokaci ba. A haɗa matakai na farko da na biyu a ɗan gajeren rubutu da ke gudana bayan kowane gini: ya buɗe kowane .deb, ya haɗe karyayyun layuka, ya tsallake waɗanda suka fara da #, ya yi binciken, ya kuma fita da lambar kuskure idan ya sami wani abu. A tuna cewa grep yana dawo da 0 idan ya sami abin da yake nema, 1 idan bai samu ba, don haka sai an juya sharaɗin. Saƙon da rubutun zai buga ya nuna layin da aka kama tare da Default-Start da Default-Stop na kanun a ƙarƙashinsa, ya kuma faɗa a sarari cewa a kwatanta su kafin a goge lambobin, domin wanda zai ga saƙon wataƙila bai taɓa rayuwa da tsarin lambobi ba. A gefensa a gudanar da Lintian da --fail-on error,warning domin gargaɗinta ma ya tsayar da gini. Idan kuma ana son ganin yadda wasu kunshin suka magance irin lamarin, shafin intanet na Debian Code Search yana karɓar irin wannan tsarin bincike a kan tushen dukkan kunshin da ke rumbun, kuma taƙaita shi ga fayilolin debian/rules da postinst yana fito da misalai na kusa da za a iya kwatantawa da naka.